Mai ƙaramar waya a ƙauye: me zai iya yi da kansa, me kuma sai ya shiga gari?

Ɗan Karkara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon masu sani su warware mana wani abu. Yanzu kusan komai ya koma cikin waya. Tura kuɗi, karɓar tallafi, rajistar JAMB, kai har dillalin hatsi wani lokacin sai ya ce a ba shi lambar asusu. To a ƙauyukanmu kuwa yawancin mutane rakani-kashi ce a aljihunsu, wani gidan ma waya ɗaya ce tal daga maigida har matansa da 'ya'yansa, sabis kuma sai an hau tudu ko an je bakin makaranta. Shin dole ne sai mutum ya sayi babbar waya kafin ya shiga wannan harka? In ba dole ba ne, da me ake farawa, NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) ko BVN (lambar tantancewa ta banki) ko asusun banki? Sannan me ke sa a cire wa mutum kuɗi a POS, mai na'urar kuma ya rantse bai ga komai ba? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Sadarwa

Wa alaikumus salam Malam. Ba dole ba ne. Abin da ya fi wayar muhimmanci shi ne layin da ke cikinta da sunan wanda aka yi wa rajistarsa. Banki bai san ko wayar ta dubu goma ce ko ta dubu ɗari biyar ba, lambar layi yake gani. BVN da layi aka ɗaure ta, NIN ma haka, saƙon shigar kuɗi da lambar OTP, wato lambar tabbatarwa da ake amfani da ita sau ɗaya, duk ta nan suke zuwa. Wanda ke amfani da layin da aka yi da sunan yayansa, ko da sunan yaron da ke sayar da sim a tasha, makullin ɗakinsa a aljihun wani yake kwana.

A fara da NIN. Lamba 11 ce, hukumar NIMC ke bayarwa, kuma dole mutum ya je da ƙafarsa don za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa goma. Rajistar farko kyauta ce a ƙa'ida, ko da yake wakilai da yawa ba sa rasa abin da za su kira kuɗin man janareta. Wanda ya taɓa yi ya manta lambar kada ya sake sabuwa, na'ura za ta gane yatsunsa ta riƙe rajistar ta biyu, a shiga wata wahalar. Ya danna *346# a layin da ya bayar ranar rajista, lambar za ta fito, a cire masa ɗan kuɗi kaɗan daga kati.

Daga nan sai layi da sunansa. Tun Disamba 2020, zamanin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka ce a haɗa kowane layi da NIN. A Afrilu 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, wa'adin ƙarshe kuma ya cika ranar 14 ga Satumba 2024. Ana duba matsayin layi da *996# a kowane kamfani. NIN guda ba ta ɗaukar fiye da layi huɗu a kamfani ɗaya, saboda haka dattijon da ya ara wa samarin unguwa lambarsa suka yi ta yankar sim, ranar da zai yi nasa za a ce masa ya cika.

Sai BVN a banki, ita ma lamba 11, a ba da wannan layin dai, kada a ba da na ɗan rakiya. In an manta ta, *565*0# a layin da aka yi ta da shi. Asusu shi ne na ƙarshe. A karɓi katin ATM ko da babu injin cirar kuɗi a duk gundumar, domin bankuna da yawa sai sun nemi lambobin ƙarshe na katin kafin su bari a ƙirƙiri lambar sirri ta USSD, wato lambobin da ake dannawa a waya tsakanin * da #.

USSD ɗin nan shi ne bankin mai ƙaramar waya. Ba ya cin data, ta hanyar da waya ke gaisawa da turken sabis yake bi, don haka 2G mai sanda biyu ya ishe shi. First Bank *894#, UBA *919#, Access *901#, Zenith *966#, GTBank *737#, Jaiz *773#. Kamfanonin waya ma suna da nasu, MoMo na MTN *671#, SmartCash na Airtel *939#. Irin waɗannan ƙananan asusun na matakin farko suna da rufi: ba sa karɓar fiye da naira 50,000 a shiga ɗaya, ba sa riƙe fiye da 300,000. Manomin da ya sayar da buhu goma na masara ya ba da irin wannan asusun, kuɗin ba za su shiga ba, shi kuma ya zaci cutarsa aka yi. A ɗaga matakin asusun tun kafin kaka.

Abu biyu ke yawan kayar da mutane a USSD. Na farko lokaci. Zama ɗaya kamar minti biyu ne, in mutum ya tsaya laluben lambar asusu a cikin saƙonni sai ya yanke, a koma farko. A rubuta lambar asusun, guda 10 ce, a takarda a ajiye gaba kafin a fara. Wanda ya ƙware ya haɗe komai a layi ɗaya, misali a First Bank *894*adadin kuɗi*lambar asusu#, matakai sun ragu, damar yankewa ta ragu. Na biyu kati. Kuɗin kowane zama naira 6.98 ne, kuma tun tsakiyar 2025 daga katin waya ake cirewa, ba daga asusu ba. Sai ka ga mutum da dubu ɗari biyu a banki ya kasa tura ko sisi don ba shi da katin naira goma. A riƙa barin naira 100 a layin, kada a cinye ta da hira.

Ranar kasuwa kuma sai haƙuri. Turke ɗaya ne ke ɗaukar ƙauyen, ran nan mutanen garuruwa goma sun hau kansa. Wanda zai iya, ya yi hidimarsa da sassafe ko bayan isha'i.

Mai Shagon POS

Injiniya ya gama da nasa ɓangaren, bari in ɗauki tambayar ƙarshe don ita ce ke haddasa faɗa a kasuwa.

In aka zura kati, saƙo yana tashi daga na'ura, ya bi ta kamfanin da ya ba da na'urar, ya ratsa cibiyar da ke haɗa bankuna, ya isa bankin mai kati. Bankin ya cire kuɗin ya aiko da amsa ta wannan hanyar dai. In sabis ya tsinke a hanyar dawowa, kuɗi sun fita, amsa ba ta iso ba, na'ura ta buga cewa bai yi ba. A wannan halin kuɗin ba sa wurin mai POS, suna rataye a tsakani, kuma bankin mai kati ne zai dawo da su. Riƙe wa mai shago wuyan riga ba ya sauko da su.

Abin yi a take shi ne a karɓi rasit, ko da na ƙin amincewa ne, musamman ma shi. A jikinsa akwai kwanan wata, lokaci, adadin kuɗi, lambar na'ura da wata lamba 12 da ake kira RRN, wadda da ita banki ke bin sawu. Akwai kuma 'yar lambar amsa mai faɗin dalili: 00 ya yi, 51 kuɗin asusu ba su kai ba, 55 lambar sirri ba daidai ba, 91 bankin mai kati ne ba ya amsawa. In aka ga 91 a dakata, kada a sake zurawa sau uku a jere, don ana iya cirewa sau ukun. Takardar rasit kuma zafi ke rubuta ta, ba tawada ba, in ta kwana biyu a aljihu cikin rana sai ta koma fara fat. A kwafe lambobin a littafi ko a ɗauki hotonta a ranar.

Sau da yawa kuɗin kan dawo da kansu kafin kwana ɗaya. In ba su dawo ba a je banki a cike takardar ƙorafi, a karɓi lambar ƙorafin. Ƙa'idar da Babban Banki, wato CBN, ya fitar a 2020 ta ce a warware rikicin POS cikin awa 72. A aikace yakan wuce haka. In mako biyu ya shuɗe ba labari, ana da damar kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN. To amma a nan ne mutumin ƙauye ke faɗuwa: dubu biyar ce ta maƙale, kuɗin mota zuwa reshen banki da dawowa dubu huɗu, ga yinin gona ya tafi. Da yawa sai su ce sun bar wa Allah. Shi ya sa ya fi kyau a tara ƙorafe-ƙorafen mutane, ranar da mota za ta shiga gari kowa ya tafi da nasa rasit, domin banki ba ya sauraron wakili a kan asusun wani.

Taransifa kuma hukuncinta daban. Kada mai kaya ya saki kaya don an nuna masa hoton rasit a waya, ko don saƙo ya shigo. Ana ƙirƙirar duka biyun. Ya duba ragowar kuɗin asusunsa da kansa ta USSD, in sun ƙaru to sun shigo. In mai turawa ya ce an cire masa amma ba su iso ba, a nemi lambar zaman taransifar, mai lamba 30, ita bankunan biyu za su duba.

Lambar sirri kuwa, wallahi abin da ake gani a kasuwannin ƙauye sai addu'a. Tsoho ya miƙo kati ya faɗi lambar da ƙarfi gaban jama'a, ko a same ta rubuce a bayan katin. Mai kati shi zai danna da yatsansa. In bai iya karatu ba a koya masa wuraren maɓallan, huɗu ne kacal, wanda ya iya ƙirga kuɗi zai iya. Ya kuma kalli katin da aka miƙo masa bayan an gama, don akwai masu musanya shi da mataccen kati mai launi iri ɗaya.

A sani kuma tun Disamba 2024 CBN ya ƙayyade abin da mutum ɗaya zai cira a wurin wakili zuwa naira 100,000 a rana. Mai zuwa sayen sa ko raƙumi ya fara tara tsabarsa tun kwanaki kafin kasuwa, ko su daidaita da mai dabba a kan taransifa. Kowa ya tuna farkon 2023, lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1,000 a zamanin Godwin Emefiele, gwamnan CBN na lokacin. Wanda ke da asusu ya sha layi da cajin da ya kai dubu biyu a kan dubu goma a wasu wuraren. Wanda ba shi da asusu kuwa ya karyar da akuyarsa ga duk mai tsaba a hannu, don ba shi da inda za a tura masa.

Malamar Sakandare

Sannunku da ƙoƙari. Injiniya, ina da ja a kan "ba dole ba ne" ɗin nan. Ƙaramar waya tana isa ne muddin komai na tafiya daidai. Ranar da aka sami kuskure a takarda, ba ta da abin da za ta yi.

A ɗauki suna. Mutum ɗaya, a NIN Muhammadu Sani, a BVN Mohammed Sani Garba, a layin waya Mamman Sani. A ƙauye duk shi ne, ba mai musu. Na'ura kuwa mutum uku take gani. Hauwa'u ta koma Hauwau ko Hauwa, A'ishatu ta koma Aisha, matar aure an sa mata sunan uba a nan, sunan miji a can. Wani an sa sunan garinsu a gurbin sunan mahaifi. Ranar haihuwa kuma ma'aikacin rajista ya dubi fuska ya yanka 1 ga Janairu, shekarar da ta zo masa a ka, na banki shi ma ya yanka tasa. In bayanan nan suka saɓa, haɗa layi da NIN ya ƙi, ɗaga matakin asusu ya ƙi, sunan mutum ya faɗo daga jerin masu tallafi ba tare da an gaya masa dalili ba.

Gyaran fa? Tun 2024 NIMC ta mayar da shi shafin intanet inda mutum zai yi da kansa. Ana bukatar imel, waya mai kyamara da za ta ɗauki fuska, data, da biyan kuɗi ta intanet, ga takardun rantsuwa na kotu da za a ɗora. Gyaran ranar haihuwa ya fi kowanne tsada da ɗaukar lokaci. Mai rakani-kashi dole ya tafi kafe. A can ne yaron kafe zai buɗe masa imel da lambar sirrin da shi kaɗai ya sani, wani lokacin ma ya sa lambar wayarsa. Bayan wata shida a dawo, yaron ya bar garin. Duk wanda za a buɗe wa imel, a rubuta masa adireshin da lambar sirrin a takarda kafin ya tashi daga kujera, a kuma gwada shiga a gabansa.

Rigakafin mai sauƙi ne. Kafin a je rajistar farko a sa wani mai boko ya rubuta cikakken suna da manyan baƙaƙe, da ranar haihuwa ɗaya, a kati guda. Wannan katin za a nuna a NIMC, a banki, a shagon sim, a makaranta. A karanta abin da ma'aikaci ya shigar kafin ya tura.

JAMB ma da ka ambata, Malam, a nan take cije yara. Tun 2021 ba a rajista sai da NIN. Ɗalibi zai rubuta NIN, ya bar tazara, ya sa lambobinsa 11, ya aika zuwa 55019 ko 66019 da aƙalla katin naira 50 a layin. Za a dawo masa da lambar shaida mai guda 10. Suna da ranar haihuwa daga rumbun NIMC ake jawo su kai tsaye, cibiyar rajista ba ta iya taɓa su, don haka in sun saɓa da na WAEC ko NECO a gyara tun ana aji biyar, ba ana saura mako biyu a rufe ba. Layi ɗaya ɗalibi ɗaya ne. Gidan da waya ɗaya ce kuma yara biyu za su zauna, sai an nemi layi na biyu, kuma a riƙe shi da rai har a sami gurbin karatu.

Ita jarrabawar tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta, tambaya 180 cikin awa biyu. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba yakan ƙone minti goma sha biyar yana kokawa da linzami, alhali ba ya ma bukatarsa: A, B, C, D na zaɓen amsa, N gaba, P baya, S miƙa aiki. Wannan S ɗin a ja masa kunne a kanta. Zama uku a kafe kafin ranar ya wadatar a cire tsoron.

'Yan mata kuma a bar lalle a yatsu makonni kafin rajista da kafin jarrabawa, yana hana na'ura karanta zanen. Manoma da masu dakan hannu ma yatsunsu kan shafe. A wanke hannu, a ɗan murza mai kaɗan in fatar ta bushe ƙwarai, a goge, sannan a ɗora.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: yawancin jerin zaɓin USSD da Turanci yake fitowa. Matar da ta sauke Alƙur'ani, take rubuta wasiƙa da ajami, take riƙe lissafin adashin mutum talatin a ka, a gaban *901# sai ta nemi ɗan aji uku ya karanta mata. Kuma in layin da ke kan asusunta na maigida ne, shi ke ganin shigar kuɗin sana'arta kafin ita. Layin kanta shi ne farkon abin da za a yi mata, ko da wayar ta aro ce tana zura sim ɗin in bukata ta taso.

Ɗan Karkara

Madalla, Allah ya ƙara ilimi. Malama kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Saura ɗaya: in wayar ta faɗi ko an sace fa? Da wanda ya tafi cirani ya bar layinsa a akwati wata da watanni?

Injiniyan Sadarwa

Malama, na karɓi gyara, gaskiyarki ce.

Malam, in waya ta ɓata asusu ake fara rufewa, ba layi ba. Ɓarawon yanzu sim ɗin yake so fiye da wayar: zai danna *565*0# ya ga BVN, ya gwada lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda kuɗin suke. Bankuna suna da lambar rufe asusu da ake dannawa daga kowace waya, da yawansu lambar bankin ce a ƙara 911, kamar *966*911# a Zenith ko *901*911# a Access. Za a nemi lambar asusu ko lambar layin da ya ɓata, don haka su kasance a rubuce a gida, ba cikin wayar kaɗai ba. Bayan nan a ari waya mai layin kamfani ɗaya a kira 300 a ce su toshe layin, sannan a je ofishinsu a yi welkom bak, wato a karɓi sabon sim mai tsohuwar lambar. Mai layin ne zai je da kansa da NIN ɗinsa, za a gwada fuskarsa ko yatsansa, a tambaye shi lambobin da ya fi kira da katin da ya sa na ƙarshe. In da sunan wani aka yi rajistar, sai wancan ya zo. In ya rasu, magana ta koma ta takardun mutuwa da na gado.

Tun kafin a kai ga haka a sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, kowace ƙaramar waya tana da wurin a saitin tsaro. In an cire shi an sa a wata wayar ba zai buɗe ba. Sai dai a kula, kuskure uku yana kulle shi sai da PUK, lamba 8 da ke jikin faffaɗan katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, kuskure goma a PUK kuma ya kashe shi har abada. A adana wannan katin tare da takardun gona.

Na akwati kuma, layin da ya yi wata shida ba kira, ba saƙo, ba sa kati, kamfani na da ikon yanke shi, in ya kai kamar shekara a sayar wa wani da lambar. Banki ba ya sani. Sabon mai lambar zai riƙa samun saƙon kuɗin tsohon, har da OTP. Mai tafiya cirani ya tafi da sim ɗinsa, ko ya bar wa amintacce ya riƙa sa katin naira 100 yana yin kira ɗaya duk bayan wata biyu. In layin ya riga ya tafi, a je banki a canza lambar a kan asusu da kuma a kan BVN, wurare biyu ne daban, sannan a canza a NIMC.

A bar 'yar tsaba a gida kuma. A Satumba 2021 an kashe sabis a duk jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, abin ya taɓa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren suka yi watanni a haka. USSD da POS da saƙon banki duk a kan turke ɗaya suke, tare suka ɗauke. Ko ba umarnin gwamnati, turken da man janaretansa ya ƙare ko aka sace batiransa yakan yi kwanaki shiru. In kamfani ya ƙi kula ƙorafi, a karɓi lambar ƙorafin daga 300, sannan a kira NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa, a 622, kiran kyauta ne.